Tiramisu: Asalinsa, Kayan Haɗinsa da Yadda Ake Yin Sa a Gida

Tiramisu kayan zaƙi ne na ƙasar Italiya da ake ci da cokali bayan an kammala cin abinci. Abubuwa shida ake haɗawa a yi shi: biskit mai shan ruwa, gahawa mai ƙarfi, gwaiduwar ƙwai, sukari, garin koko, da wani cuku mai laushi da maiƙo da ake kira mascarpone. Ana jera su hawa-hawa a cikin mazubi, a saka a firji har su kama jikin juna. Ba a gasa shi, ba a kuma soya shi, domin sanyi ne ke yi masa aikin da wuta ke yi wa sauran abinci.

A nan ya sha bamban da kayan zaƙin da aka saba da su a ƙasar Hausa. Alkaki da nakiya da dubulan da cincin duk an tsara su ne don su jure zafi: suya da zuma da sukari suna sa su yi makonni a ɗakin amarya ba su lalace ba. Tiramisu kuwa a firji ma kwana biyu yake yi, a waje kuma sa'a ɗaya ko biyu. Saboda haka uwargidan da ke Talata Mafara ko Bakura ko Maradun, wadda ta gan shi a waya ko ta ɗanɗana shi a wani otal na Abuja har ta yi sha'awar yin sa, tana da abubuwa uku da ya kamata ta warware kafin ta kashe kuɗinta: batun giya, batun samun mascarpone, da batun ƙwai da sanyi.

Asali da ma'anar sunan

Sunan ya fito ne daga kalmomin Italiyanci guda uku, tira mi su, ma'ana "ɗaga ni sama", wato abin da ke farfaɗo da jiki. Mafi shaharar ruwaya tana danganta shi da wani gidan abinci mai suna Le Beccherie a birnin Treviso na yankin Veneto, arewa maso gabashin Italiya. Mai gidan shi ne Ado Campeol, ana kuma cewa matarsa Alba da mai yi musu kayan zaƙi, Roberto Linguanotto, su ne suka tsara shi a ƙarshen shekarun 1960, ya shiga jerin abincin gidan a 1972. Tushensa wani abin sha ne na ƙauyukan yankin da ake kira sbatudin, wato gwaiduwar ƙwai da aka buga da sukari ana bai wa masu jego da yara da waɗanda suka tashi daga jinya, kamar yadda ake dama wa mai jego kunun kanwa a ƙasar Hausa.

A 1981 marubucin harkar abinci Giuseppe Maffioli ya rubuta labarinsa a mujallar Vin Veneto, ya kuma jingina shi ga gidan na Treviso. Maƙwabcin yankin, Friuli Venezia Giulia, bai amince ba. Mutanensa suna cewa Norma Pielli ta otal ɗin Roma da ke garin Tolmezzo ta riga su yin irinsa tun shekarun 1950. A 2017 Ma'aikatar Noma ta Italiya ta saka tiramisu a jerin abincin gargajiya na Friuli, abin da ya ɓata wa hukumomin Veneto rai. A shekarar ce kuma aka fara gasar tiramisu ta duniya a Treviso. Campeol ya rasu a 2021 yana da shekara 93, Linguanotto kuma a 2024.

Ke nan tiramisu bai daɗe a duniya ba. A shekarun da yake fara suna a Treviso ne kamfanin Impresit na Italiya, wani reshen Fiat, yake gina madatsar ruwan Bakolori a kan Gulbin Sakkwato. An kammala ta a 1978, aka kuma tsara ta shayar da kimanin hekta 23,000 a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun. Aikin noman rani ya kawo shinkafa da albasa da tumatir da dankali kasuwar Talata, amma kayan tiramisu na asali, wato mascarpone da biskit ɗin savoiardi, ba a sayar da su a kasuwannin yankin. Abin da yankin yake da shi shi ne madarar shanu da ƙwai da lemon tsami da fulawa, waɗannan kuwa sun isa a yi duka biyun a gida.

Maganar giya

Yawancin tiramisun da ake sayarwa a otal-otal da gidajen abinci na Turai da Amurka, da wasu na Legas da Abuja, ana zuba masa giya. Akan sa ruwan inabin Marsala na tsibirin Sisili, ko giyar rake, ko wata mai ƙamshin gahawa. Tun da yake ba a dafa tiramisu, giyar tana nan yadda aka zuba ta. Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga Musulmi, musamman a Zamfara, jihar da ta fara ƙaddamar da shari'ar Musulunci a watan Oktoban 1999 a zamanin Gwamna Ahmad Sani, Yeriman Bakura. Duk wanda zai saya a waje ya wajaba ya tambaya, ya kuma karanta abin da aka rubuta a jikin kwali, domin wasu kamfanoni suna ƙara jalatin da ake samu daga alade.

Abin lura shi ne tsarin Le Beccherie na asali ba shi da giya ko ɗigo. Tsarin, wanda aka ajiye a hukumance a wurin Cibiyar Girke-girken Italiya a 2010, ya ƙunshi gwaiduwa 12, sukari rabin kilo, mascarpone kilo 1, savoiardi 60, gahawa da garin koko. Wadda ta yi nata babu giya ba ta rage komai daga asali ba. Sai dai a kula da ruwan banila na kwalba, domin wanda ake shigowa da shi daga waje sau da yawa da giya ake tatso shi. Banilar gari ta wadatar, rashinta ma ba ya rage komai.

Kayan da ake buƙata

Ga mutum takwas, ana tanadar gwaiduwar ƙwai 6. Sukari giram 150, wato kimanin gwangwanin madara ɗaya da ɗan tozo. Mascarpone giram 500. Biskit ɗin savoiardi 30. Gahawa mai ƙarfi mililita 300, kimanin gwangwanin madara biyu. Da garin koko babban cokali 2. Wannan rabin tsarin Treviso ne, sai dai an rage sukarin daga giram 250, domin mutane da yawa suna jin zaƙinsa ya yi yawa.

Gahawar Italiya ana tace ta ne da injin matsi. Inda babu shi, ana narkar da Nescafé babban cokali 3 a ruwan zafi mililita 300, a bar shi ya huce sarai. Ba a sa masa madara, sukari kuma ko dai a bar shi ko a sa ƙaramin cokali ɗaya, domin ɗacin gahawa ne ke danne zaƙin kirim. Garin koko shi ne tsantsa marar sukari, irin wanda masu sayar da kayan kek ke da shi. Milo da Bournvita ba sa maye gurbinsa a sama, saboda sukarin da ke cikinsu yana jan laima, sai su narke su yi danƙo.

Yadda ake yin mascarpone

Mascarpone ɗan yankin Lombardiya ne, ana kuma yin sa da maiƙon madara zalla. Wanda ya san yadda Fulani ke yin wara, su ɗumama madara su sa ruwan tumfafiya ta daskare, ya riga ya san rabin aikin. Bambancin shi ne a nan kirim ake ɗumamawa, lemon tsami kuma ke ɗaure shi.

Ana buƙatar kirim na madarar shanu lita 1, mai maiƙo kashi 30 zuwa 35 cikin ɗari. A zuba shi a kwanon silba, a ɗora kwanon a kan tukunyar ruwa mai tafasa a hankali, a riƙa juyawa har zafinsa ya kai digiri 85 a ma'aunin Salshiyas. Inda babu ma'auni, alamar ita ce tururi ya fara tashi, ƙananan kumfa sun bayyana a gefen kwanon, amma bai tafasa ba. Sai a zuba tataccen ruwan lemon tsami babban cokali 2, a ci gaba da juyawa na minti biyar. Ba zai tsinke ya ware kamar awara ba, kauri kawai zai yi har ya lulluɓe bayan cokali. A sauke, a bar shi ya huce na rabin sa'a, a juye a rariyar da aka shimfiɗa wa farin ƙyalle mai tsabta ninki biyu, a ɗora rariyar a kan kwano, a saka a firji ya kwana. Da safe za a samu abin da ya haura giram 500.

Akwai tarko guda a kasuwa. Garin kirim da ake sayarwa don ado a kan kek da man itatuwa ake yin sa, lemon tsami kuwa ba ya ɗaure shi. Dole ne a duba jikin kwali a tabbatar na madara ne. Mai samun madarar shanu sabuwar tatsa tana iya tara nata maiƙon: ta tafasa madarar, ta bar ta ta huce, ta saka a firji ta kwana, ta kwashe abin da ya taso sama. Sai dai hanyar tana cin madara mai yawa, ta fi kuma sauƙi da damina lokacin da shanu ke da nono. Matsalar tsaro da satar shanu da suka addabi Zamfara a shekarun nan sun sa madarar ba ta samuwa kamar da.

Hanya ta uku ita ce ta kindirmo. Ana zuba kindirmo mai kauri a ƙyalle, a bar shi ya tsane a firji na dare ɗaya, sannan a haɗa kashi ɗaya nasa da kashi ɗaya na kirim da aka buga. Yana ba da kauri mai kyau, sai dai da ɗan tsami wanda mascarpone ba shi da shi. Sharaɗinsa shi ne madarar da aka yi kindirmon da ita ta kasance an tafasa ta. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin bakkale da na tarin fuka daga shanu zuwa mutane, firji kuwa ba ya kashe su.

Biskit

Savoiardi biskit ne dogo kamar yatsa, busasshe, marar nauyi, ya kuma samo sunansa daga tsohuwar masarautar Savoia. Amfaninsa shi ne yana shan gahawa nan take ba tare da ya wargaje ba. Don yin kimanin 30, ana ɗaukar ƙwai 3, sukari giram 90 da fulawa giram 90. A raba farin da gwaiduwar. A buga farin da rabin sukarin har ya tsaya cak, a buga gwaiduwar da sauran har ta yi haske, a haɗa su a hankali, a tankaɗe fulawar a kai, a juya daga ƙasa zuwa sama don kada iskar ta fice. A zuba a leda mai yankakken baki, a matsa shi a faranti tsawon yatsa, a barbaɗa garin sukari, a gasa a zafin digiri 190 na minti 10 zuwa 12. Mai gashin yashi a tukunya ma tana iya yi, in dai ta bari yashin ya yi zafi sosai kafin ta sa farantin. Bayan an gasa, a bar shi a buɗe ya kwana ya bushe.

Idan hakan ya yi wahala, ana yanka kek marar mai siriri-siriri a busar da shi a wuta kaɗan. Biskit ɗin kanti marar kirim a tsakiya ma yana yi, amma mai tauri irin kabin yana buƙatar daƙiƙa huɗu ko biyar a cikin gahawa, mai laushi kuwa taɓa shi kawai ake yi.

Ƙwai: inda haɗarin yake

A Italiya da ɗanyar gwaiduwa aka saba yin tiramisu. Ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da ƙwayar salmonela, mai haddasa gudawa da amai da zazzaɓi, ta fi kuma yi wa ƙananan yara da masu juna biyu da tsofaffi illa. A kasuwannin Arewa ƙwai yakan yi kwanaki a kiret a cikin rana kafin a saye shi, don haka bai kamata a yi amfani da shi ɗanye ba.

Maganin ba shi da wahala. A zuba gwaiduwa 6 da sukarin da ruwa babban cokali 3 a kwanon silba, a ɗora a kan tukunyar ruwa mai tafasa a hankali, kada gindin kwanon ya taɓa ruwan. A yi ta bugawa ba tsayawa na minti 8 zuwa 10, har zafin ya kai digiri 71, wanda shi ne matakin da ke kashe ƙwayar. Alamarsa ita ce haɗin ya ninka yawansa, ya koma launin ruwan madara mai ɗan rawaya, idan an ɗaga maburgi yana zubowa kamar zare. Idan aka daina bugawa ko wuta ta yi yawa, gwaiduwar za ta dahu ta yi gudaji. A sauke, a ɗora kwanon a cikin ruwan sanyi, a ci gaba da bugawa har ya huce. Farin ƙwan da ya rage ba a sa shi ɗanye a cikin kirim, gara a soya shi ko a yi kek da shi.

Haɗawa

A fito da mascarpone daga firji, a murza shi da cokali ya yi laushi, a riƙa zuba shi kaɗan-kaɗan a cikin gwaiduwar da ta huce ana juyawa. Da zarar ya haɗu a tsaya, domin yawan bugu yana sa maiƙon ya ware kamar ana kaɗa man shanu. A zuba gahawar a faranti mai ɗan zurfi. A tsoma kowane biskit daƙiƙa ɗaya ta kowane gefe, a jera 15 a gindin mazubi mai faɗin kimanin santimita 20 da tsawon 30. A shimfiɗa rabin kirim, a sake jera biskit 15, a rufe da sauran kirim, a daidaita samansa. A rufe mazubin a saka a firji na aƙalla sa'a shida, in ya kwana ya fi. Garin koko ana tankaɗa shi ne dab da za a kai wa masu ci.

Idan tiramisu ya fito da ruwa a ƙasa, biskit ne ya daɗe a gahawa. Idan kirim ɗin ya ƙi tsayawa, ko dai gwaiduwar ba ta huce ba aka haɗa, ko mascarpone bai tsane ba. Idan ya yi ƙarni, gwaiduwar ba ta ji wuta yadda ya kamata ba. Ga yara da masu juna biyu da waɗanda gahawa ke hana wa barci, ana tsoma biskit ɗin a ruwan koko ko a gahawar da aka cire wa sinadarin kafin.

Sanyi da wutar lantarki

Wannan ne sharaɗin da ya fi sauran nauyi a yankin Mafara, inda zafin watannin Maris da Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa a tsakanin digiri 5 da 60. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ajiye abinci mai saurin lalacewa a ƙasa da digiri 5, kada kuma ya wuce sa'a biyu a waje. Hukumomin abinci na Amurka sun rage shi zuwa sa'a ɗaya idan zafin gari ya wuce digiri 32. Firjin da aka ɗauke wa wuta yana riƙe sanyinsa kimanin sa'a huɗu, muddin ba a buɗe shi ba.

Abin da ya faru a kudancin Italiya a watan Agustan 1996 ya isa darasi. Mutum takwas, yara da matasa, suka kamu da gubar botulinam bayan sun ci mascarpone na kamfani, akasarinsu a cikin tiramisu, ɗaya kuma ya rasu. Binciken da aka yi ya danganta abin da rashin ajiye cukun a cikin sanyin da ya dace. Don haka mascarpone da aka sayo a Abuja ko Kano aka kawo shi Zamfara a bayan mota ba tare da kula da ƙanƙara ba, bai cancanci a ci shi ba, ko da warinsa bai sauya ba. Na gida da aka yi jiya ya fi shi aminci.

Gidan da ke da sola ko janareta da ke riƙe firji dare da rana ba shi da matsala. Gidan da ya dogara da wutar gari kawai yana da zaɓi biyu. Na farko, ya jira hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, lokacin da firji ba ya saurin sakin sanyi. Na biyu, ya sayi ƙanƙara, ya jera ta a kula, ya ɗora mazubin a rufe a kai, ya kuma yi daidai abin da za a cinye a ranar. Randa da tulu suna sanyaya ruwan sha, amma sanyinsu bai kai digiri 5 ba. Ana iya daskarar da tiramisu a firiza har wata ɗaya in ba a sa masa koko ba, a narkar da shi a cikin firji, kada kuma a sake daskarar da wanda ya narke. Idan wuta ta kwana ba ta dawo ba, a zubar da shi. Asarar kirim lita ɗaya ba ta kai kuɗin asibitin yara uku ba.

Ga mai son yin sana'a da shi

Mata masu sana'ar kek a Gusau da Sakkwato da garuruwan da ke tsakaninsu suna iya samun kasuwa a wajen walima da liyafar ofis da buɗa baki, musamman idan aka zuba shi a ƙananan kofuna masu murfi. Kofin yana rage taɓawar hannu, yana kuma saurin ɗaukar sanyi. Lissafin farashi ya kamata ya haɗa da kuɗin ƙanƙara da man janareta da kula, ba kayan haɗi kaɗai ba. A yi shi bisa oda, a rubuta ranar da aka yi a jikin murfi, a kuma shaida wa mai saye cewa akwai ƙwai da madara da gahawa a ciki. Wadda za ta riƙa kai shi kantuna a rufe da sunan sana'arta tana buƙatar rajistar NAFDAC.

Bikin da za a jera abinci a ƙarƙashin rumfa tun azahar har la'asar ba wurin tiramisu ba ne, a nan alkaki da dubulan sun fi dacewa. Wurinsa shi ne teburin gida bayan sallar isha'i, a fito da shi daga firji, a tankaɗa masa koko, a yanka, a mayar da abin da ya rage kafin a fara hira.